Zoben Baba da Hannun Gwaggo

Baba ya yi ritaya daga aikin gyaran na'urorin sadarwa a shekarar da na gama sakandare. Tun daga lokacin, ɗan shagon da ke cikin zauren gidanmu a Runjin Sambo ya zama nasa shi kaɗai. Yana cikin mutanen nan 'yan kaɗan masu lasisin aika saƙo ta rediyo don sha'awa kawai. Ba ya cika magana da baki ba. Wani ɗan maɓalli ne yake dannawa da yatsa, dogo da gajere, dogo da gajere, sai wani mutum can a wata ƙasa da bai taɓa gani ba ya amsa masa da irin wannan ƙwanƙwasa. Ran da aka amsa masa, har miyar Inna sai ya yaba.

Abin da ya hana shi sakat shi ne wani zangon rediyo da yake kira mita ɗari da sittin. Ya ce wannan zango doguwar eriya yake so, wayar da in an miƙe ta za ta fita daga gidanmu ta tsallake gidaje huɗu. To a unguwarmu ina za ka miƙe waya? Bangon maƙwabci shi ne bangonka. Sai ya ce tun da ba a iya miƙewa, a lanƙwasa. Ya je Tudun Wada wajen masu gyaran firji ya samo bututun jan ƙarfe mai kaurin tsintsiyar hannuna, ya cika shi da yashi don kada ya karye, ya yi kwana uku yana tanƙwara shi a jikin ganga har ya zama zobe. Da aka tsayar da shi a jikin dirkar katako, ya fi ƙofar ɗakin Inna tsawo nesa ba kusa ba.

Ni ce mai taya shi, don ni ce ke gida. Yakan ce mini zoben nan mayunwaci ne. Duk wutar da ka ba shi, mafi yawanta cinyewa yake yi ya mayar da ita zafi, ɗan kaɗan ne ke fita iska. Aikin duka a kan ɗan kaɗan ɗin nan yake. Shi ya sa ya zaɓi bututu mai kauri. Shi ya sa bai yarda da mahaɗi barkatai ba, guda biyun da suka zama dole kuwa ya like su da dalma har sau uku yana kwancewa. Shi ya sa nake goge jan ƙarfen da tsamiya da toka, yadda muke wa tukunya, har in ga fuskata a ciki. Shi ya sa kuma bai ɗora shi a kan rufi ba, ya ce kwano zai sha ƙarfin, bai jingina shi da bango ba, ya ce akwai rodi a ciki. Wuri ɗaya ya rage, tsakiyar tsakar gida, taku biyu daga makwararar da muke alwala.

Bakunan bututun biyu ba sa haɗuwa. Suna shiga wani akwatin katako ne, inda ya jera farantan alminiyam suna shiga tsakanin juna ba tare da sun taɓa juna ba, da ɗan marfi da yake murɗawa ya daidaita. Kafasita yake ce masa. Ya ce a ƙa'ida sama ake sa shi, amma gwiwarsa ba ta hawa tsani, sai ya juyo da shi ƙasa, daidai ƙugun mutum. Ya zaunar da ni ya ce, "Ki saurara. In ina danna maɓalli, wutar da ke taruwa a bakunan nan biyu ta ninka ta soket sau da yawa. Ba wasa na ba." Ya ba ni doguwar fitilar nan ta gilashi na riƙe daga nesa, ya shiga shago ya danna, ta kama a hannuna ba waya ba komai. Na sake ta ta fashe.

Shingen waya ba zai yiwu ba, shi ma ƙarfe ne. Ya ce in an yi girbi zai sa a kawo kara a yi danni. Kafin nan, ni ce shingen. In ya shiga shago ya rufe ƙofa ya sa abin saurare a kunnuwansa, ko ganga aka buga ba ya ji, to ni ina tsaye a tsakar gida da muciya. Kaji suna akurki. In wani ya shigo, in buga tagar shagon da ke kallon tsakar gida da ƙarfi, sai ya ɗaga yatsa. Mun yi haka ya fi sau ashirin. Na buga wa mai ruwa, na buga wa 'yar maƙwabta da ta zo aron rariya. Ban taɓa kuskure ba.

Gwaggo yayar Baba ce. Da mahaifiyarsu ta rasu, ita ta goya shi. A Dundaye take zaune, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma har yau da hannunta take dashen shinkafa a fadama. Baba da furfurarsa, in ta zo, cire takalmi yake yi ya tsuguna. Ita kaɗai ke ce masa Injiniya, kuma yadda take jan kalmar kowa ya san ba yabo ba ne. Ba ta faɗin zuwanta. Ta ce gidan ƙanenta ba ofis ba ne.

Ranar, bayan la'asar ne. Inna ta tafi barka bayan layinmu. Baba ya ce zai gwada wani sabon daidaitawa, ya shiga ya rufe ƙofa. Ina tsaye da muciyata ina jin ɗan kukan da akwatin ke yi in wuta ta shiga, siririn sauti kamar na sauro.

Sai na ji sallama. Kafin in gama amsawa Gwaggo ta shigo, da ƙullin shinkafa a ka, tana haki.

Na sha lissafa abin da na yi daga nan. Taga tana hannuna na hagu, taku biyar. Gwaggo tana gabana da kaya a ka. Ban yi tunani ba, wallahi ban yi ba. Ƙafafuna ne suka tafi wajenta. Na jingine muciya, na sauke mata kayan, na kai ƙofar madafa. Tsohuwa ba ta tsayawa da kaya a ka kina kallo. Da na juyo, har ta ɗauki buta ta tsuguna a bakin makwarara.

"Mai keken nan ya so ya kashe mu," in ji ta, tana wanke hannu. "Ga la'asar tana tahiya, shi shina ta tsince-tsincen mutane."

Na ce a raina, ba a yi wa mai alwala magana, bari ta gama. Tana tsugune, zoben yana bayanta, ba ta kai gare shi. Na kalli taga. In na tafi can sai na gitta ta gabanta ban gaishe ta ba, in ɗauki muciya in hau dukan taga kamar mahaukaciya, ita tana alwala. Na ce minti ɗaya ne. Tana wanke ƙafar hagu na durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, na sunkuyar da kai.

"Gwaggo, ina wuni."

"Lahiya lau, ɗiyata. Kun wuni lahiya?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Babu gajiya. Ina uwakki?"

"Ta je barka. Yaya mutanen gida?"

"Suna gaishe ku. Ke har yanzu ba ki yi ƙiba ba? Mi suka ba ki a gidan ga, waya?"

Na yi 'yar dariya. Ina kallon siminti. Akwai wata tururuwa da ke jan ƙwayar shinkafa, har yau ina ganinta. Maganar tana bakina, amma a cikin gaisuwa babu inda ake saka "kada ki taɓa". Bayan tambayar gida sai ta gona, bayan ta gona sai ta jiki. Ina jiran a kai ƙarshe. Ina ma ta gyara yadda zan faɗa: Gwaggo, da kin ɗan matso nan inuwa. Ko kuwa, Gwaggo, ga tabarma can. Ina zaɓen wanda ya fi ladabi.

"Yaya fadama?" na ce.

"Ruwa ya yi gyara. Wash, gwiwag ga. Bismillahi."

Na ji buta ta taɓa ƙasa. Na san yadda tsofaffi ke tashi daga tsugune, hannu ne ke fara laluben abin dafawa. Na ɗago kai. Hannunta na dama, jiƙe da ruwa, ya riga ya miƙa baya.

Ƙarar ba ta da girma. Tas, kamar an ɗiga ruwa a tafasasshen mai. Na ga ɗan haske shuɗi tsakanin yatsunta da bututun, a daidai inda yake shiga akwati. Sai wari. Warin babbakar kan rago ran Sallah. Gwaggo ba ta yi ihu ba. Ta koma da baya ta zauna daɓas a cikin ruwan alwalarta, ɗankwalinta ya zame.

Ni ma ban yi ihu ba. Ina nan a durƙushe yadda nake.

Baba ne ya fito da kansa. Daga baya ya ce allurar na'urarsa ce ta yi tsalle ta bugi ƙarshe, ya ɗauke yatsa, ya zaci kaza ce ta kuɓuce. Ya fito yana cewa, "Ke, ba na ce ki rufe—" sai ya gan ta. Abin sauraren yana rataye a wuyansa, wayarsa tana ja a ƙasa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zama toka a gabana ba sai ran nan.

"Yaya! Innalillahi. Yaya!"

Gwaggo tana kallon tafin hannunta kamar na wani ne aka ba ta ajiya. Ta ɗago ta dube shi, ta dubi zoben tun daga ƙasa har sama.

"Injiniya," ta ce, muryarta na rawa, "wanga abu naka cizo shikai?"

Abin da ya fi ruɗa ni shi ne babu jini. Tabo ne fari guda biyu, ɗaya a ɗan yatsan tsakiya, ɗaya a manuni, kowanne bai fi ƙwayar wake ba, da wani ɗan layi a tafin hannu. Baba ya kama hannun ya tura cikin bokitin ruwa. Ana haka Inna ta shigo. Ta ga yayar mijinta zaune a ƙasa, ta jefar da mayafi ta ruga ta ɗauko man shanu.

"Kada ki sa!" Baba ya daka mata tsawa. A gabana bai taɓa yi mata haka ba. "Ruwa kawai. Ke, tashi ki tsaida keke."

Sai a lokacin na tashi.

Gwaggo ta ce ba ta zuwa asibiti. "Don wanga? Lauje ya yi mini abin da ya hi haka na koma gona. Ku bar ni in yi salla."

"Yaya, ba irin ƙunar da kinka sani ba ta. Ciki takai. Don Allah, don Annabi."

Ta yi sallarta a zaune, hannun a naɗe cikin tsumma mai tsabta, muna tsaye a kanta mu uku, mai keke yana ta hon a ƙofar gida. Sannan ta yarda.

Likitan da ya duba ta ya maimaita maganar Baba. Ya ce irin wannan ƙuna bakinta ƙarami ne, amma tana nitsewa har kusa da ƙashi, kuma ba za a san iyakar abin da ya mutu ba sai an yi kwanaki. Ya ce a kawo ta kullum a wanke. Gwaggo ta tambaye shi abu ɗaya: za ta iya dashe bana? Ya ce a yi addu'a. Na ga ta haɗe yatsun hannun hagu uku, babba da manuni da na tsakiya, ta yi kamar tana tura wani abu cikin ƙasa. Da irinsu na dama ake riƙe shinkafa a dasa. Da su kuma ake cin tuwo. Ban taɓa lura ba sai ran nan.

Washegari da safe na tarar da Baba ya kwance akwatin, ya kwantar da zoben a ƙasa, yana yanka shi gunduwa-gunduwa da zarto. Jan ƙarfen da na goge yana ta walƙiya. Bai ɗago ba ya ce, "Ina kike?"

Na tsaya ina kallon guntayen bututun.

"Ba faɗa zan yi ba. Ina son in sani. Ina kike lokacin?"

"Ina wajen."

"To mi ya hana ki buga taga?"

"Ina gaishe ta, Baba."

Zarton ya tsaya. Ya daɗe yana kallona. Shi ne ya koya mini durƙuson nan. Ina 'yar shekara shida na taɓa gaida Gwaggo a tsaye, ya mayar da ni ƙofar gida ya ce in sake shigowa. Na ga ya tuna, don ya kau da kai. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ni nis sa akwatin ƙasa," ya ci gaba da yanka.

Gwaggo ta fito daga ɗakina, inda aka sauke ta, hannu a rataye da ɗankwali. Ta tsaya tana kallonsa.

"A'a. Yanzu kaka yanka shi, bayan ya ƙoshi?"

"Yaya, ki yahe mini."

"Kai dai tun kana yaro haka kake. Ka kwance agogon babanmu, ka kwance fitila. Na ce wata rana sai ka kwance mutum." Ta juyo gare ni. "Ita kuma wagga mi tay yi take kuka? Kada wanda ya taɓa mini ɗiya. Gaisuwa tay yi mini, gaisuwa mai kyau, wadda ɗiyan yanzu ba su iya ba."

Na shige madafa na toshe bakina da zane. Duk wanda ya zo dubiya haka take gaya masa, yarinya mai ladabi, tana durƙushe har abin ya faru ba ta ɗaga kai ba. Matan unguwa suna cewa Allah ya yi albarka. Ni kuwa duk sanda ta faɗa sai in sulale in bar wajen.

Ni nake raka ta wanki kullum. Kwana na biyu hannun ya kumbura har zoben azurfarta na ƙaramin yatsa sai da aka yanke. Kwana na huɗu farin tabon ya zama ruwan ƙasa. Ma'aikaciyar jinya takan ce in juya baya in ba zan iya ba, amma ina kallo, don gani nake ba ni da ikon kau da kai. Manuni ya fara yin ja a gefe, suka ce alama ce mai kyau. Na tsakiya kuwa kansa ya yi baƙi, ya bushe, ya ƙanƙance kamar busasshiyar kuɓewa. Likita ya soka masa allura ya ce, "Mama, kin ji?"

"Mi?"

Ya sake sokawa ƙasa kaɗan. "Nan fa?"

"Ka taɓa ni tukuna."

Ya kalli Baba. Baba ya dafa bango.

Suka ce sai an yanke shi, in an bar shi zai ci sauran hannun. Gwaggo ta ce a ba ta kwana ɗaya. Ta wuni a kan tabarma ba ta ce wa kowa komai ba, ko tsokanar Baba ba ta yi ba, wannan ya fi komai ba mu tsoro. Da hantsi washegari ta yafa mayafinta da kanta ta ce, "Mu tahi su ɗauki rabonsu."

Gaɓa biyu suka cire daga yatsan tsakiya. Manuni ya tsira, sai dai ba ya lanƙwasuwa sosai, sun ce wataƙila ya saki a hankali, wataƙila kuma haka zai zauna. Ina zaune a benci a waje lokacin da ake yi. Baba yana gefena, yana ta murza hularsa. Har yanzu da nake rubuta wannan, in na ji mai ya yi tas a kasko, sai na ajiye abin da ke hannuna na fita waje.

Duk kwanakin nan kunu da fura take sha, tana riƙe kofi da hagu tana istigfari. Ran da aka rage bandejin, aka bar babban yatsa da manuni da ƙananan biyu a waje, ta ce da Inna ta gaji da abincin jarirai, tuwo take so. Inna ta tuƙa na shinkafar da ta kawo, da miyar kuka. Na kai mata har tabarma, na ajiye cokali a gefen kwano.

Ta ture shi da bayan hannu. "Ni ba ɗiyar boko ba ta."

"Gwaggo, ko in ba ki?"

"Ki ba ni? Na mutu?"

Baba yana tsaye a bakin zaure. Inna ta fito da ludayi a hannu. Gwaggo ta yi bisimilla ta sa hannu. Manunin ya tsaya a miƙe, ya ƙi bin sauran. Ta gutsuro tuwon da babban yatsa da ƙananan biyu, ta ɗago, kafin ta kai miya ya suɓuce ya faɗi a tabarma. Ba wanda ya motsa. Ta sake. Wannan ya kai miya, ya nutse a ciki. Ta tsaya tana kallon inda yatsan yake a da. Leɓenta na ƙasa ya yi rawa, sau ɗaya.

Ta karkata hannun, ta kwanto da shi kamar mai kwasar hatsi, ta turo ɗan tuwo cikin tafinta da gefen babban yatsa, ta murza shi a hankali har ya dunƙule. Lomar ƙarama ce, irin ta yara. Ta dangwala, ta sunkuyo da kai ta tarye ta a hanya. Miya ta zubo mata a haɓa. Ta tauna, ta haɗiye.

"Gishiri bai ji ba," ta ce.

Inna ta juya da sauri ta koma madafa, ina jin tana jan hanci. Gwaggo ta sake kai hannu cikin kwano. Ta uku ta faɗi. Ta huɗu ta shiga. Ba ta ɗago ta kalli kowa ba, ta ce, "Dashen shinkafa ya hi tuwo taurin kai, amma za mu gani. Ke ɗiyata, matso da kwanon ga kusa."

Na matsa mata da shi.